Wa ke da wuƙa da nama a Umphang, gundumar da ta fi kowace faɗi a Tailan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin mulki. An ba mu aikin duba yadda wata ƙasar Asiya ke tafiyar da yankunan karkara, sai na ɗauki Tailan. Ina ta cin karo da abin da suke kira amphoe. Ita ce ƙaramar hukumarsu? Kuma wa ke da faɗa a ji a irin wadda ke can ƙuryar daji? Don Allah a ba ni misali da wuri guda, kada bayanin ya tsaya a sama.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. A'a, amphoe ba ƙaramar hukuma ba ce, kuma wanda ya ɗauke ta haka, duk abin da ya gina a kai sai ya karkace. Gunduma ce. Ba ta da zaɓaɓɓen ciyaman, ba ta da kansiloli, ba ta da baitulmali nata na kanta. Hannun gwamnatin tsakiya ne da aka miƙo daga Bankok har cikin ƙauye. Ƙasar tana da larduna 76 ban da birnin Bankok. An yanka lardunan zuwa gundumomi 878, gundumomin sun kasu zuwa tambon, wato gungun ƙauyuka, sama da 7,000, a ƙarƙashinsu kuma akwai ƙauyuka fiye da 70,000. Zaɓaɓɓun hukumomi suna nan, amma layinsu dabam ne, zan zo kansu.

Tun da ka nemi misali, mu ɗauki Umphang ta lardin Tak, a yammacin ƙasar, kan iyaka da Bama wadda yanzu ake kira Myanmar. Na zaɓe ta ne don a can duk inda tsarin yake da tsaga sai ta fito fili.

Faɗin Umphang murabba'in kilomita 4,325 ne, wato ta fi jihar Legas faɗi, amma mutanen da ke cikin rajistarta ko kusa da dubu 100 ba su kai ba. Kusan dukkanta tsauni ce da kurmi, tana kwance tsakanin jerin duwatsun Dawna da na Thanon Thong Chai, kuma tsauninta mafi tsayi ya haura mita 2,000. Daga yamma jihar Karen ce ta Bama. Daga gabas tana maƙwabtaka da lardunan Kamphaeng Phet, Nakhon Sawan da Uthai Thani, daga kudu kuma Kanchanaburi. Sai dai maƙwabtakar ta taswira ce kawai, don babu kwalta ko ɗaya da ta haɗa ta da waɗannan lardunan huɗu. Ƙofa ɗaya gare ta, ta arewa: hanya mai lamba 1090, wadda ta taso daga garin Mae Sot ta ratsa gundumar Phop Phra. Tsawonta kilomita 164, lanƙwasarta 1,219, kuma mutanen wurin har alfahari suke yi da wannan adadi. Tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce. Motar hayar talaka a-kori-kura ce da aka kafa wa benci biyu da rumfa a baya, buhunan shinkafa da tukwanen gas a tsakiya, samari a maƙale a ƙarfen baya, wanda bai saba ba kuma leda a hannu saboda amai. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, ƙasa kan zaftaro ta toshe hanyar, sai gunduma guda ta zauna jiran katafila. Daga nan zuwa hedkwatar lardi, garin Tak, kusan kilomita 250 ne, kuma sai an sake haye wani tsaunin bayan Mae Sot.

Ruwa kuwa kudu ya nufa. A nan kogin Mae Klong yake da tushe, ya gangara Kanchanaburi, ya bi ta madatsar Srinagarind, ya faɗa teku a Samut Songkhram. A cikin dajin gundumar ne Thi Lo Su yake, magangarar ruwan da ake lissafawa a matsayin mafi girma a ƙasar, kuma ita ce ke jawo baƙi da sanyin ƙarshen shekara. Yawancin mazauna ƙauyukan tudu 'yan ƙabilar Karen ne, akwai 'yan ƙabilar Hmong, a cikin gari kuma akwai Tai 'yan arewa da suka shigo tun tuni.

Tarihinta na hukuma gajere ne. Zamanin yaƙe-yaƙen Siyam (tsohon sunan Tailan) da Bama, waɗanda suka kai ga ƙone Ayutthaya, babban birnin Siyam na lokacin, a 1767, waɗannan duwatsun wuraren tsaron mashiga ne, kuma yankin Umphang yana ƙarƙashin Uthai Thani. Ba a damu da layin iyaka ba a lokacin, abin da sarki yake so shi ne a sanar da shi in rundunar abokan gaba ta taso. Turawan Ingila ne suka zo da maganar layi, bayan sun ƙwace gaɓar Tenasserim daga Bama a 1826, har aka yi yarjejeniyar iyaka da su a 1868. Ingila ta matso daga yamma, Faransa daga gabas, sai Sarki Chulalongkorn ya gane cewa duk ƙasar da ba ka da ma'aikaci da littafin rajista a cikinta, Bature zai ce ba taka ba ce. A 1892 ya ba ƙanensa Yarima Damrong Ma'aikatar Cikin Gida. Damrong ya riƙa janye iko daga hannun sarakunan garuruwa na gado, waɗanda ke ci daga abin da suka tara, yana maye gurbinsu da ma'aikata masu albashi da ake iya ɗagawa a kai wani wuri. Dokar mulkin yankuna ta 1897, wadda aka sabunta a 1914, ita ta tsara gunduma da tambon da ƙauye, kuma ta 1914 ɗin ce ke aiki har yau da gyare-gyarenta. A ƙarshen ƙarni na 19 aka mai da wannan yanki gunduma da sunan Mae Klong a ƙarƙashin Uthai Thani. Daga baya aka miƙa ta ga Kamphaeng Phet, a tsakiyar shekarun 1920 aka rage mata matsayi aka haɗa ta da Tak, sai a 1959 ta koma cikakkiyar gunduma. Wannan yawon daga lardi zuwa lardi dalilinsa ɗaya ne, babu lardin da ke iya isa gare ta cikin sauƙi. Kafin a yi kwalta, mai zuwa Mae Sot sau da yawa ta cikin ƙasar Bama yake yankewa, don ta can ƙasa ta fi kwanciya.

Yaƙi ne ya kawo hanyar. Jam'iyyar Kwaminis ta Tailan ta ɗauki makami a 1965, dazukan Umphang suka zama ɗaya daga cikin mafakarta, kuma bayan kisan ɗalibai a jami'ar Thammasat ranar 6 ga Oktoba 1976 matasa da yawa daga birni suka shiga daji. Gwamnati ta fara fasa hanya ta 1090 don sojoji su samu shiga, 'yan tawaye suna kai wa ma'aikatan hari, har aka yi mata laƙabi da hanyar mutuwa. Abin da ya kashe wutar shi ne umarnin Firaminista Prem Tinsulanonda na 1980, mai lamba 66/2523, wanda ya yi afuwa ga duk wanda ya ajiye makami. (Wannan 2523 shekarar Buda ce. Duk takardar hukumar Tailan da ka ɗauka, cire 543 ka samu shekarar Miladiyya.) A cikin shekarun 1980 hanyar ta kammala.

To, yanzu mu zo kan ainihin tambayarka. A Umphang iko ba a hannu ɗaya yake ba. Takarda tana hannun wani, kuɗin ƙananan ayyuka a hannun wani, ƙasa kuma a hannun wani dabam.

Layin farko na naɗi ne. Gwamnan lardi ma'aikacin gwamnati ne, Ma'aikatar Cikin Gida ce ke turo shi, ba a zaɓensa. A ƙarƙashinsa akwai shugaban gunduma, nai amphoe, shi ma ma'aikaci ne, galibi ba ɗan wurin ba, yakan yi 'yan shekaru a ɗaga shi. In kana son ka kama hoton da kyau, tuna Razdan da Di'o na zamanin Turawa, bambancin kawai nan 'yan ƙasa ne. Yana da mataimaka da ake kira palat, su ke zaune a teburan rajista, tsaro da sasanta rigingimu. Ƙasa da su sai kamnan, shugaban tambon, sai mai gari na kowane ƙauye. Mai gari mutanen ƙauyensa ne ke zaɓensa da ƙuri'a, amma tun gyaran dokar 2008, in ya hau sai ya cika shekara 60 yake sauka, illa dai ana duba aikinsa lokaci-lokaci. Kamnan kuma masu gari ne ke zaɓensa daga cikinsu. Suna karɓar alawus na wata daga gwamnati, suna sa kaki, kowane wata suna hallara a ofishin gunduma su ji umarni, kowa ya koma ƙauyensa ya hau lasifikar da ke kan turke a tsakiyar gari ya sanar: ranar rigakafin dabbobi, hana ƙona daji, kiran samari zuwa ƙuri'ar shiga soja a watan Afrilu. A ganina wannan kujera ita ce mafi wayo a duk tsarin. Mutane suna jin nasu ne don su suka zaɓe shi, amma bayan zaɓen sau ɗaya, sama yake kallo, ba ƙasa ba.

Kada kuma ka ɗauka shugaban gunduma shi ne komai. A harabar ofishinsa akwai jami'in noma, na dabbobi, na lafiya, na raya karkara, kowannensu yana da ma'aikatarsa a Bankok, daga can kasafinsa da ƙarin girmansa suke zuwa. 'Yan sanda sun bar ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida tun 1998. Shi dai yana haɗa kai ne, yana shugabantar taro.

Inda ikonsa yake da kaifi shi ne takarda, kuma a gundumar iyaka takarda ita ce rai. Ɗan Tailan yana da suna a shuɗin littafin rajistar gida, yana da katin shaida mai lamba 13 da ake fara ba shi tun yana shekara bakwai. Lambar farko a katin tana faɗin matsayinsa. Wanda tasa ta fara da 6 ko 7 yana cikin ƙabilun da ba a ba su zama ɗan ƙasa ba, ko 'ya'yansu. Wanda tasa ta fara da 0, an ƙidaya shi ne kawai, ba shi da matsayi a rajista. A ƙauyukan Karen da ke kwana ɗaya a ƙafa daga gari, za ka samu tsoho da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, amma ranar da ma'aikatan ƙidaya suka zo yana gona, ko kuwa ba su taɓa isowa ba. Irin wannan ba ya zaɓe, ba ya mallakar fili, fita daga yankin da aka yarje masa ma sai da izini. Neman gyara yana farawa daga mai gari, wanda zai tsaya shaida cewa ya san mutumin da iyayensa, sai palat ya yi tambayoyi, wani lokaci har da gwajin jini don tabbatar da dangantaka, sannan fayil ya hau teburin shugaban gunduma. Ka ga inda mai gari yake samun nauyinsa, ka kuma ga ƙofar da cuwa-cuwa ke iya shiga. An yi gyara: dokar rajista ta 2008 ta ce duk jaririn da aka haifa a ƙasar a ba shi takardar haihuwa ko iyayensa su waye, a Oktoba 2024 kuma majalisar ministoci ta amince a hanzarta warware matsayin mutum kusan dubu 480 a faɗin ƙasar.

Wannan matsala ta takarda asibitin gunduma ne ya fi jin ta a jikinsa. Tsarin lafiya na kowa da kowa da aka kafa a 2002 yana biyan asibiti ne gwargwadon yawan 'yan ƙasa da ke rajista da shi. Asibitin Umphang kuwa marasa lafiyarsa da yawa ba su da kati, wasu ma daga tsallaken iyaka aka ɗauko su, da zazzaɓin cizon sauro ko naƙuda mai wuya. Ba ya kora, don haka ya shahara a ƙasar da bashi da neman gudummawa. A 2010 gwamnati ta ware asusu na musamman don masu matsalar matsayi, ya rage nauyin amma bai ɗauke shi ba.

Sannan akwai sansanin 'yan gudun hijira na Nu Po a tambon ɗin Mae Chan. 'Yan Karen na Bama suna yaƙi da gwamnatin ƙasarsu tun 1949. Hedkwatarsu ta Manerplaw ta faɗi a 1995, farmakin 1997 ya koro dubban mutane, a shekarar aka buɗe Nu Po. Tailan ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, don haka a takarda wurin mafaka ce ta wucin gadi, ko da yake an haifi yara a ciki har sun haifi nasu. Kwamandan sansanin palat ne daga ofishin gunduma, da 'yan sa-kai na Ma'aikatar Cikin Gida a bakin ƙofa. Tun juyin mulkin Bama na Fabrairu 2021, duk lokacin da aka yi luguden wuta a tsallake, sabbin mutane kan kwararo ƙauyukan bakin iyaka.

Layi na biyu shi ne na zaɓe, kuma shi ya kamata ka kwatanta da ƙaramar hukuma a aikinka. Umphang tana da tambon shida: Umphang, Nong Luang, Mokro, Mae Chan, Mae Lamung da Mae Klong. Kowane yanki a cikinsu yana ƙarƙashin ɗaya daga cikin biyu, ko hukumar gari da ake kira thesaban, ko hukumar tambon, wadda dokar 1994 ta ƙirƙiro. Suna da shugaba da jama'a ke zaɓa kai tsaye na shekara huɗu, da majalisa. Su ke yin hanyoyin cikin ƙauye, famfo, kwashe shara, makarantun rainon yara, madarar 'yan firamare, da kula da alawus ɗin tsofaffi, wanda ke farawa daga baht (kuɗin Tailan) 600 a wata ga mai shekara 60 ya kai 1,000 ga wanda ya kai 90. A saman su akwai zaɓaɓɓiyar hukumar lardi, wadda ke zaune gefe da gefe da gwamnan da aka naɗa.

A takarda abin gwanin sha'awa. Tsarin mulkin 1997 ya yi alƙawarin sauko da iko ƙasa, dokar 1999 ta ce kafin 2006 kashi 35 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati ya koma hannun waɗannan hukumomi. Har yau ba a kai ba. Kasafin kuɗin hukumar tambon sai shugaban gunduma ya amince kafin ya fara aiki, wato wanda ba a zaɓa ba shi ke duba wanda aka zaɓa. Bayan juyin mulkin 2014 sojoji suka dakatar da zaɓensu gaba ɗaya, ba a sake yi ba sai Disamba 2020 na larduna, Maris 2021 na garuruwa, Nuwamba 2021 na tambon. A wuri irin Umphang kuma raunin ya ninka, domin babban harajin da hukumar ke tarawa da kanta na fili ne da gini, alhali mafi yawan ƙasar daji ce ta gwamnati marar takardar mallaka. Kusan duk abin da take kashewa daga Bankok yake zuwa.

Nan muka iso ga na uku, wanda littattafan mulki kan tsallake, alhali a Umphang shi ne babba. Kaso mafi girma na gundumar keɓaɓɓen daji ne: gandun namun dajin Umphang da aka kafa a 1989, da sashen gabas na gandun Thung Yai Naresuan, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1991 tare da gandun Huai Kha Khaeng. Akwai giwaye da damisa a ciki. Masu iko da su jami'an hukumar gandun daji ne, ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa da Muhalli, ba sa karɓar umarni daga shugaban gunduma, balle daga zaɓaɓɓen shugaban tambon. Hukumar tambon tana iya samun kuɗi a hannu, majalisa ta amince, shugaban gunduma ya sa hannu, amma in ƙauyen da za a kai wa kwalta ko turakun lantarki yana cikin gandu, aiki ya tsaya sai izini ya zo. A ƙauyuka mafi nisa kuwa, irin Letongkhu da ke dab da iyaka, inda Karen ke bin wani limamin daji mai tsauraran dokoki, fuskar gwamnati da aka fi sani ita ce 'yan sandan sintirin iyaka, waɗanda har makarantu suke buɗewa suna koyarwa.

Rigimar ƙasa ta fi zafi a kan noma. Al'adar Karen ita ce a sare fili a tudu, a ƙona, a shuka shinkafar tudu da kayan miya damina ɗaya, a bar shi shekaru ya koma daji kafin a dawo. Dokar daji tana kallon wannan a matsayin ɓarna, su kuwa suna cewa layin gandu ne ya same su a wurin, ba su suka same shi ba. A mafi yawan lokuta gaskiyarsu ce. A Agusta 2010 majalisar ministoci ta amince a kare salon rayuwar Karen, amma shawarar ministoci ba ta kai doka ƙarfi ba. Dokokin gandun daji na 2019 sun ba wa mazauna ciki damar zama ta ɗan lokaci, har shekara 20, ba mallaka ba. Abin ban haushi shi ne inda aka hana juya gonaki, mutane sukan koma noman masarar abincin dabbobi a fili ɗaya kowace shekara, da taki da maganin ciyawa na bashi, kuma wannan ya fi cinye tudu, ya fi kawo hayaƙin da ke rufe sama daga Fabrairu zuwa Afrilu.

In kana son batu ɗaya da zai nuna wa malaminka duka wannan, ɗauki hanya mai lamba 1117. An fara ta daga Khlong Lan a lardin Kamphaeng Phet don ta shigo Umphang ta gabas, abin da zai rage tafiya zuwa tsakiyar ƙasa nesa ba kusa ba. An yi mafi yawanta, saura kimanin kilomita 30, sai gwamnati ta dakatar da aikin a ƙarshen shekarun 1980 saboda daji. Lokacin ne ra'ayin jama'a ya juya: an soke madatsar Nam Choan a 1988 don kada ta nutsar da Thung Yai, an hana saran katako a dazukan ƙasar a 1989, sannan Seub Nakhasathien, shugaban gandun Huai Kha Khaeng, ya kashe kansa a 1990, mutuwar da ta girgiza ƙasar ta ƙara wa masu kare daji ƙarfi. Yau mota tana tsayawa ne a Chong Yen, cikin gandun Mae Wong, abin da ya yi gaba daji ya haɗiye. Lokaci-lokaci 'yan siyasar yankin da 'yan kasuwa sukan ta da maganar a ƙarasa, suna kawo hujjar marar lafiyar da ake ɗauka awa huɗu zuwa babban asibitin Mae Sot. Masu kare daji sukan amsa cewa kwalta za ta raba kurmin yamma gida biyu, ta buɗe wa mafarauta da masu sayen fili ƙofa. Ni na fi karkata ga barin dajin, da sharaɗin a biya mutanen Umphang farashin wannan zaɓi da asibiti mai kayan aiki da takardun da suka daɗe suna jira. Amma ko wane ɓangare ka bi, rubuta a aikinka cewa babu kujera ɗaya a cikin gundumar, ta naɗi ko ta zaɓe, da ke da ikon yanke hukunci a kan waɗannan kilomita 30. Majalisar ministoci a Bankok ce ta tsayar da aikin, ita ce kuma kaɗai za ta iya ta da shi.